Wai Ba Na Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Yayan su Nura, mai karatun digiri na biyu a kan tattalin arziki da ci gaban ƙasa, can Turai. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyi, ya malaman naka masu tafa maka. Mu nan Alhamdulillahi kowa ƙalau, har da mu marasa aikin yi.

Kar ka yi mamakin ganin wasiƙa a shafin da kowa ke karantawa. Na kira ka a waya har na gaji, kullum sai ka turo min ɗan guntun rubutu wai kana laburare. To na ga a gaban jama'a ka yi maganata, shi ya sa ni ma na kawo tawa gaban jama'a. Masu karantawa ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare, da yatsa ɗaya nake dannawa, shi ma yatsan duk kanta ce. Sunansa kuma ba za ku ji a bakina ba, ɗan fari ne. Ya san kansa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwarka Hauwa ta zo gida da bidiyonka a wayarta. Ga ka nan cikin kwat, ka yi ƙiba, kana tsaye gaban Turawa da ɗan abin magana a hannu. A bangon bayanka an haska hoton karofinmu na bayan gida, har da rijiyar rinin babanku da muciyarsa jingine da katanga. Wallahi daɗi ya kama ni. Na leƙa ta katanga na kira Hajiya Falmata, na ce ta zo ta ga gidanmu ya je Turai. Ta shigo ko takalmi ba ta saka daidai ba.

Hauwa tana fassara mana tiryan-tiryan, sai na ji ta fara cin magana. Daga nan ta yi shiru, wai wayar ce ke yankewa. Ni na haife ta, na san shirunta. Sai da na tsare ta sannan ta faɗa.

Wai ka ce rini sana'a ce da ta riga ta mutu, saura a yi mata sutura. Wai mutum biyu kacal wannan karofin yake ciyarwa. Wai matan lungunmu duk a zaune suke ba sa komai, har ka buga misali da mahaifiyarka, ka ce tunda ka taso ba ka taɓa ganin ta yi aiki ba. Sannan ka ɗora mana wata kalma, inaktif. Turawan nan suna ta gyaɗa kai kamar sun san ni.

Ni ba Turanci nake ji ba, amma wannan kalmar na santa. Ita mai shagon waya ya faɗa min ranar da layina ya mutu. Ashe ni layin waya ce da aka toshe. Hajiya Falmata ta dube ni, ta dubi farin yadin da ke kan cinyata da allura a soke, ta ce to Inna inaktif, sai ki ajiye, kar ki ƙaryata Dakta. Tun ranar sunan ya bi ni. Matar Nura in za ta kawo min abinci sai ta danne dariya.

Bari in tuna maka inda ka samo wannan babban ilimi, tunda ina wurin.

Bara da damina ka zo hutu da jaka cike da takardu, ka ce bincike kake. Ka shigo ɗakina, ka tsallake yadi uku da na shimfiɗa, har ka ture kwanon zare da ƙafa, ka zauna a bakin gado da biro. Ka karanto min daga fom ɗinka kamar ma'aikacin ƙidaya, wai kina aiki? Na ce a'a. Ka yi 'yar alama da biro, ka wuce tambayar gaba, wai gidanmu akwai firji.

To Malam mai digiri, a garin nan da aka yanke maka cibiya, in ka tambayi mace tana aiki, me kake nufi? Ai aikin gwamnati ka tambaye ta. Aikin ofis, aikin asibiti, koyarwa irin ta Hauwa, wanda ake fita da safe da jaka a dawo da yamma. Ni yaushe na taɓa wannan? Gaskiya na faɗa maka. Da ka ce Inna wace sana'a kike, da ka kwana uku kana rubutu. Aiki daban, sana'a daban. Ko mai tallan gyaɗa ta san wannan. Kai ne ka je ka ɗauko tambaya da Turanci, ka juye ta da Hausa kamar mai juye tuwo daga kwano zuwa kwano, ba ka duba ko ta zauna ba.

Ka ba Hauwa ragowar takardun ta shiga gidajen da kai ba ka shiga. Ta dawo ta gaya maka tambayar nan ba ta yi ba, a canza ta. Ina ji daga madafi kana yi mata bayani da muryar malamai, wai ƙa'idar bincike ba a taɓa lafazin tambaya, yadda aka rubuta haka za a karanta wa kowa. Ta bi ƙa'ida. Ta shiga wurin Hajiya Falmata, wadda idonta ya kusa tafiya wajen ƙullin yadin rini, Hajiya ta ce ba ta aiki. Ta shiga wurin Ladidi da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da zaren nan take riƙe da su, ta ce ina ita ina aiki. Haka gida-gida har ƙarshen lungu. Ka tattara a'a ɗinmu ka zuba a kwamfuta, ta zana maka dogayen sanduna masu launi, ka hau jirgi da su.

Mutum biyun da ka ce kuwa, na san inda ka samo su. Ka tsaya a bakin rijiya ka tambayi Nura su wa ke aiki a nan, ya ce shi da abokin aikinsa. Me kake so ya ce? Ya ɗauki sunan uwarsa da na matarsa da na matan maƙwabta ya ba ka ka rubuta a takardar da za a kai wa baƙi? Kai ma da hankalinka na da ba za ka yi ba.

Yanzu bari in yi maka lakca, ni mai aji huɗu, ka saka a littafin naka. Farin yadi kafin ya ga rijiya, cikin gida yake shigowa. Mu ke zama da zare da allura mu tsunkulo shi ɗan kaɗan-kaɗan, mu ɗaure tamau, ƙulli bayan ƙulli, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Sai Nura ya ɗauka ya tsoma a ruwan baba, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har shuɗin ya kama. Duk inda muka ɗaure baba ba ya shiga. In an kwance, wannan farin da ya rage shi ne adon, shi mai saye yake gani ya tsaya. In babu mu, shuɗin ƙyalle kawai Nura zai riƙa fitarwa. In babu rijiyar, mu kuma ƙulla iska za mu yi. Ka gane, ko in sa Hauwa ta mayar maka Turanci?

Da a kan sunan inaktif ne kawai da ban taɓa wayar nan ba. An kira ni abin da ya fi wannan ban mutu ba. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne Baffanku Sule.

Ka san tun rasuwar babanku idonsa yake kan filin karofin nan. So yake a cike rijiyoyin a yi shaguna, a ba masu cajin waya da masu sayar da lemo haya. Shekara da shekaru ina tare shi da kunya, yana tare kansa da tsoron bakin mutane. Yanzu ya samu abin da yake nema. Bidiyonka yana wayarsa, duk majalisar da ya zauna sai ya kunna, shi da ko gaisuwar Turanci ba ya iyawa. Yana cewa ga ɗan gidan ma, wanda ya fi kowa karatu, ya ce sana'ar ta mutu. Ya ce min kun yi waya, ka ce masa shawara ce mai kyau, filin zai fi amfani. Ashe shi kana ɗaukar wayarsa, laburaren a kaina kawai take. Ya riga ya yi magana da mai tifa, bayan babbar Sallah za a kawo ƙasa.

Nura ba zai iya ja da kai ba, kai ne babba, kuma tun kuna yara in ka yi magana da Turanci yake sunkuyar da kai. Ya daina cin abincin kirki. Jiya na ga ya tsaya a bakin rijiyar ya riƙe muciya, bai juya ba, ya daɗe a haka. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, wanda bai iya komai ba sai abin da ubansa ya koya masa, kuma ya iya shi. Hauwa ta ce a bidiyon ka faɗi abin da za a yi da irinsu, wai a sake horar da su. Horo kuma? Sa ne shi?

Ba zan yi maka ƙarya ba don ina jin haushi. Rijiyoyin babanku uku ne, biyu sun bushe, kaji ke ƙwai a ɗaya. Kasuwa ta cika da yadin waje da inji ya buga wa zanenmu, mai araha, wanki biyu ya koɗe amma mutane shi suke saya. Samari ba sa son hannunsu ya yi shuɗi. Duk na sani, ban jira Bature ya tafa ba kafin in sani. Ina ce abin da aka tura ka koyo ke nan, yadda za a yi mai rauni ya miƙe. Ban san karatun gano wanda za a fara binnewa ba ne.

Ni sunan karatun naku ma yake ba ni dariya. Tattalin arziki. Kai wane tattali ka taɓa yi? Kazar da kakarka ta ba ka kana aji uku, kwana tara ta yi a hannunka. Tattali a wurinmu shi ne ka lallaɓa abu kaɗan har ya kai ka inda za ka. Babanku in ya haɗa rijiya, ya zuba baba da toka da kanwa, kwanaki yake yi yana zagaya ta. Ya juya, ya rufe, ya sunsuna, ya duba kumfar da ta taso. Yakan ce rijiya rai gare ta, in ka yi mata gaggawa sai ta ƙi ka. Bai taɓa shiga aji ba. Ranar da aka yi masa wanka, masu wankan sun yi iya yinsu, shuɗin hannunsa bai fita ba. Da shi aka kai shi. Kai kana can kana jarrabawa, muka ce kar a gaya maka sai ka gama.

Wannan hannun ne ka haska a bangon Turawa ka ce ya mutu.

Na so in tsaya a nan in aika, yadda raina yake a ɓace. Sai da na yi sallar la'asar na dawo, na ga akwai abin da ban faɗa ba, kuma in ban faɗa ba na zalunce ka.

Kana ɗan shekara bakwai babu wanda ya kai ka iya kwance ƙulli a gidan nan. In babanku ya dawo da yadi daga rijiya, kai kake fara zama. Da farce kake ja, in ya ƙi ka sa haƙori, leɓenka ya yi shuɗi kamar ka sha tawada. Kakarka tana dariya tana goge maka. Ni ina gefe ina kallo ta wutsiyar ido, don ba a ganin uwa tana wasa da ɗan fari.

Da ka shiga sakandare, wata safiya na fito na same ka a bakin rariya kana dirzar hannunka da lemon tsami da yashi. Har fata ta yi ja kana dirza. Ba ka gan ni ba. Daga baya na ji a bakin Hauwa wai a makaranta ɗan marina suke ce maka, in ka taɓa littafin wani sai ya goge a rigarsa.

Tun daga ranar ban ƙara barinka ka taɓa yadi ba. Na gaya wa babanku wannan na boko ne, a bar shi da hannunsa fari. In na ji sallamarka a soro sai in jawo zane in rufe kwandon ɗinki. In abokanka na makaranta sun zo, sai in tura komai ƙarƙashin gado in zauna hannu a cinya kamar matar wani babban ma'aikaci. Takalminka na zuwa jami'a, da jakar da ka tafi Turai da ita, ban taɓa ce maka daga ina suka fito ba, kai ma ba ka tambaya ba. Shekaru ina nuna maka uwar da ba ta komai. Ashe ka yarda. Yaro mai ƙwaƙwalwa irinka, ban ɗauka za ka yarda ba.

To rabin laifin nawa ne, na ɗauka. Amma yadin da ka tsallake bara a ɗakina ban rufe shi ba. Na gaji da rufewa, na bar shi a fili da gangan, ina jira ka tambaya. Firji ka tambaya.

Ban taɓa rungumarka a gaban mutane ba. Ranar da za ka tafi, kowa ya raka ka filin jirgi, ni na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na ce Allah ya kiyaye hanya, na koma ciki. Wataƙila wannan ma ka rubuta shi a wani fom ɗin a zuciyarka, ka yi masa alama a gidan a'a. Kai dai duk abin da ba a ɗaga maka a fuska ba, babu shi.

Ga abin da na yanke, kuma a gaban mutanen nan nake faɗa don kar in janye.

Tun watan da ka tafi na sayi farar shadda, na fara ƙulla maka ita don ranar da za ka gama karatu. Ban yi wa kowa irinta ba. Ƙanana na yi, irin wanda kakarka ta koya min ina amarya, wanda yanzu ba mai yi don yana cin ido. Ba kullum nake taɓa ta ba, sai na gama na mutane, da hantsi in haske ya yi kyau. Satin nan na gama. Nura ya rina ta a rijiyar babanku, ita ɗayar da ta rage, ya tsoma ta har sai da ta yi duhun da yake so. Na hana a kwance. Ta bushe da ƙullinta, a dunƙule take kamar ƙwarya.

Ɗan Hajiya Falmata zai taso garinku jibi, na ba shi ya kawo maka. Ka zauna ka kwance ta da hannunka. Ban yarda ka sa reza ba, ban yarda da almakashi ba, za ka huda ta. Kar ka ba kowa ya taya ka. Farce, in ya ƙi ka sa haƙori, ai ka iya. Ba sai ka bar laburaren gaba ɗaya ba, in ka dawo ka riƙa yin kaɗan. In yatsunka sun fara zafi ka tuna kwancewa kake, wani ne ya ɗaura.

Ranar da ka kwance na ƙarshe, ka shimfiɗa ta a ƙasa ka duba. Sannan ka ɗauki waya ka kira Baffanka. In har lokacin kana ganin a kawo tifa, ka ce a kawo. Wallahi ba zan tsaya a gabanta ba, ba zan yi maka baki ba, ni zan lallashi Nura da matan lungu. In kuma ka ga wani abu daban, ka faɗa masa da Hausa, yadda zai ji. Kana da daga yanzu zuwa Sallah.

Malaman naka kuma ka san yadda za ka yi da su. Ban sani ba ko ana gyara littafi in an riga an tafa masa. In ana yi, ka dawo da fom ɗinka ka sake tambayar, kalma ɗaya ce za ka canza. Ka taho da biro biyu, Hajiya Falmata kaɗai za ta ƙarar da ɗaya.

Abu ɗaya zan roƙe ka, ka bi tsakiyar a hankali. Ɗinkin wurin daban ne, zare ɗaya ne dogo, in ka fizga zai yage. Hauwa ce ta zana min baƙaƙen da fensir na bi da allura, don rubutuna ba shi da kyau. Abin da bakina bai taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa maka shi, yana nan a ciki. Yanzu ba ya ganuwa. Sai ka kwance.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya raba ka da wanda ba ya ganin abin da ke gabansa. Allah ya tsare min kai daga sanyin ƙasar nan da abincinsu, ya sa ka gama lafiya ka dawo mu gan ka. Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya zuciyar ɗan'uwanka. Ka riƙa saka rigar sanyi, a bidiyon na ji kana tari.

Shuɗin zai kama hannunka kwana biyu. Ka bar shi, kar ka nemi lemon tsami.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna inaktif, daga lungunmu na Ƙofar Mata.